Yaron da ya haddace lissafi bai fahimce shi ba, wa ya cuce shi?

'Yan'uwana matasa masu koyarwa a firamare, da ku yayyen da kuke zama da ƙannenku kan aikin gida, don Allah mu duba yadda muke koyar da lissafi.

Kwanakin baya na ce wa 'yar yayata, tana aji huɗu, ta ɗebe 27 daga 52. Ta rubuta 35. Ta ga 2 ba ta kai 7 ba, sai ta juya ta cire 2 daga 7. Na ce ina aro? Ta ce ta manta inda ake ɗora ɗayan. Alhali yarinyar nan ita ke sayar wa mahaifiyarta ƙosai, a ba ta naira 500 a sayi na 350, ta miƙo canji ko kai ba ta ɗaga ba. Abin ya tsaya min a rai.

Na ɗauko tsinken tsintsiya, na ɗaure goma-goma har dami biyar, na ajiye tsinke biyu a gefe, na ce ta ba ni 27. Ta yi shiru, can sai ta kwance dami ɗaya da kanta, ta ƙirga abin da ya rage, 25. Aron ke nan da aka shekara ana rera mata, ba a taɓa nuna mata cewa goma ake kwancewa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1985 an wallafa wani bincike kan yara masu talla a Recife ta ƙasar Brazil: lissafin da suke yi daidai a bakin ciniki, da aka ba su shi a takarda, akasarinsa faɗuwa suka yi.

Ban ce a daina hadda ba. Jadawalin sau dole ya zauna a ka. Amma yaro ya fara jera duwatsu layi 3, kowane layi 4, ya ga 12 da idonsa tukuna. Wanda aka tsallake masa wannan shi ne zai rantse cewa 1/8 ta fi 1/4 tunda 8 ta fi 4, kuma gobe shi za a kira rabon gado, inda bambancin sumuni (1/8) da rubu'i (1/4) haƙƙin matar mamaci ne.

In yaro ya ba ka amsa, ko daidai ce, tambaye shi: yaya aka yi ka samu? In ya kuskure, ajiye bulalar, ka saurari bayaninsa har ƙarshe, don a cikin bayanin za ka ji inda ya ɓace.