Ƙwayar da ba a gani ma tana tacewa kafin ta kwafa

'Yan'uwa, yau ma an sake turo saƙon nan na "don Allah ka tura wa mutum goma", ɗauke da hadisin da babu malamin da ya san daga ina ya fito. Abin nan ya isa haka.

Akwai wata bakteriya, wato ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Bdellovibrio da aka gano a Jamus a 1962. Mafarauciya ce. Takan kutsa cikin wata bakteriyar irin E. coli, ta cinye ta daga ciki, cikin 'yan sa'o'i 'ya'yanta su fasa su fito. Har tubalan da za ta gina DNA (kundin gadon halitta) ɗin 'ya'yanta da su takan samo daga abin da ta cinye. Sai dai oksijin yana ɓata wasu tubalan. Da haruffa ake kiran tubalan, kowanne da abokin haɗinsa. Mai harafin G idan ya ɓaci yakan manne wa A maimakon abokinsa C, daga nan kuskuren ya zauna daram, jikoki da tattaɓa-kunne su yi ta kwafarsa. Sai Allah Ya hore mata wani enzayim, wato sinadari mai aiki a cikinta, na dangin da ake kira Nudix, wanda ke farfasa gurɓataccen tubali tun bai shiga gini ba. Subhanallah! Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba hisabi a kanta, amma tana tacewa kafin ta kwafa.

Kai fa, malam? Ke fa, hajiya? An ba mu hankali, an ce mana "fatabayyanu" (ku nemi bayani) a Suratul Hujurat, amma yatsa ya fi zuciya sauri. Dubi abin da muke turawa: sanarwar rasuwar wanda yake zaune yana shan kunu a gidansa. Hoton rikicin wata ƙasa a ce garinku ne jiya da daddare. Maganin ciwon suga wanda zai sa dattijo ya ajiye ƙwayoyinsa. Muryar wata baiwar Allah da aka yanke rabi, aurenta ya mutu a kai.

Na san da kyakkyawar niyya da yawanmu ke yi, lada ake nema. To amma Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. "Haka aka turo min" ba za ta fisshe ka gobe ƙiyama ba, kuma abin da ya shiga waya dubu ba ka da hanyar kiransa ya dawo.

Don Allah ka tsaya. Ka tambayi malami, ka kira mai abin. In babu hali, goge shi. Don girman Allah, 'yar'uwa, goge shi.