"Wai a ina ya taɓa bugawa?"

Jama'a, akwai wata tambaya da take ba ni haushi duk lokacin da aka naɗa sabon koci: "Shi wannan a ina ya taɓa bugawa?" A gidajen kallon ƙwallo kullum sai ka ji ta. Yau da labarin wani wasa da ba mu saba da shi ba zan amsa ta, wato hoki na ƙanƙara da ake yi a Kanada da Amurka, inda 'yan wasa ke sulɓi a kan takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan roba da sanda. Mutum shida ne kowane ɓangare: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku.

Mutumin da nake nufi shi ne Jared Bednar, haifaffen Saskatchewan a Kanada a 1972. Ɗan baya ne. Babu ƙungiyar NHL, babbar gasar wasan, da ta zaɓe shi yana matashi, kuma har ya ajiye sanda a 2002 bai buga wasa ko ɗaya a cikinta ba. Mafi yawan ƙuruciyarsa a ECHL ta ƙare, gasar da ke mataki na uku, ƙarƙashin AHL. Ya ɗan leƙa AHL ɗin a St. John's da Rochester, ya dawo. Rayuwar can ƙasa ba ta ƙawa ba ce. Albashi kaɗan, a gama wasa cikin dare jiki duk tsami, a shiga bas a kwana a hanya, gari na wayewa a sake ɗaura takalmi a wani garin. Aikin ɗan baya kuwa har da tare faifan nan da jikinka idan an harbo shi, ga shi da tauri kamar dutse.

Da ƙungiyar South Carolina Stingrays ya ci kofin Kelly, kofin zakarun ECHL, sau biyu yana ɗan wasa, a 1997 da 2001. Ku riƙe 2001 ɗin nan. A shekarar ce manyan 'yan wasa Joe Sakic da Patrick Roy suka ɗaga kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Colorado Avalanche, duniyar hoki na kallonsu, shi kuwa Bednar yana can yana murnar kofin da ko a Amurka ba kowa ya san sunansa ba.

Ya yi shekara biyar yana mataimakin koci a Stingrays kafin a damƙa masa ƙungiyar a 2007, ya ci kofin Kelly a 2009. Ya haura AHL, ya riƙe Peoria, ya koma mataimaki a Springfield (mutane nawa ne za su yarda su sauko daga kujera haka?), sannan a 2016 ya ci kofin Calder, kofin zakarun AHL, da Lake Erie Monsters. A watan Agusta na shekarar Patrick Roy, wanda a lokacin shi ne kocin Colorado, ya ajiye aiki ba zato. Sakic, da ya zama manajan ƙungiyar, ya ɗauko Bednar saura 'yan makonni a fara atisaye.

Kakar farko ta yi muni sosai. Cikin wasa 82 sun ci 22 kacal, maki 48, su ne kurar baya a gasar baki ɗaya. Da a hannun wasu masu ƙungiya ne, da tun kafin kaka ta ƙare an sallame shi, a ce ai dama ba ajinsa ba ne. Sakic bai kore shi ba. Kaka ta gaba suka samu maki 95 suka shiga zagayen neman kofi, a 2022 kuma suka doke Tampa Bay Lightning suka ɗauki kofin Stanley, na farko tun 2001. Bednar ya zama koci na farko da ya haɗa Kelly da Calder da Stanley.

Ra'ayina shi ne shekarun nan na ƙasa su suka koya masa aikin. A ƙananan gasa, da zarar ɗan wasanka ya fara haskawa sai a kira shi sama, kai kuma ka tashi da safe ka sake ɗinke ƙungiya da wanda ya rage. Wanda ya yi shekaru yana wannan ya san yadda ake magana da yaron da aka maido ƙasa zuciyarsa a karye, don shi ma an maido shi. Wayne Gretzky, wanda ba a yi kamarsa ba a wasan, ya riƙe Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009, ko sau ɗaya bai kai su zagayen neman kofi ba.

Wani zai ce, to malam, ai yana da taurarin 'yan wasa irin Nathan MacKinnon da Cale Makar, wa zai kasa da waɗannan? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, har ma mummunar kakar nan ce ta ba su damar zaɓar Makar na huɗu a zaɓen matasan 'yan wasa na 2017, inda ƙungiyoyin da suka ƙare a baya ke fara zaɓa. Amma MacKinnon yana nan a shekarar maki 48, kuma a hannun Bednar ya zama abin da ya zama. Na kuma san bayan 2022 abin bai yi musu daɗi ba, don Seattle ta yi waje da su a zagayen farko a 2023, sai Dallas ta fitar da su a 2024 da 2025. Mai son sukar Bednar ya soke shi a nan, ya yi maganar dabara da canjin 'yan wasa, zan saurare shi.

Af, kocin Tampa da ya kara da shi a 2022, Jon Cooper, wanda ya ci kofin a 2020 da 2021, shi ma bai taɓa buga NHL ba. Lauya ne kafin ya shiga koyarwa.