Bakano a kotun tafi-da-gidanka

A Tashar Yari, kan hanyar Kano zuwa Zariya, kotun tafi-da-gidanka ta kafa rumfa a gefen titi. Alƙalin Bazazzagi ne. Kusa da shi ga jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra riƙe da littafin tara. Aka kira wani Bakano direban Golf, wanda ya ƙi karɓar takarda ya ce sai dai alƙali ya raba su.

ALƘALI: Daga ina?

BAKANO: Kano ta Dabo, ranka ya daɗe.

ALƘALI: Shi ya sa tun ɗazu nake jin hayaniya. Me ya yi?

JAMI'I: Bai ɗaura bel ba, ya mai shari'a. Naira 2,000 ce tararsa, ya biya a banki ya ɗauki motarsa. Ya ce atafau.

ALƘALI: Ka amsa laifinka?

BAKANO: Ban amsa ba! Ni ban ƙi bel ba, bel ne ya ƙi ni. Mutum ɗaya Bature ya auna ya yi shi. Ta yaya zai zagaye mutum biyu?

ALƘALI: A kujerar direban ku biyu ne?

BAKANO: Ɗosanawa kawai ya yi, siriri ne. Huɗu a baya, biyu a gaba, ɗaya a wajena. Na cikin but ba sa shiga lissafi, rabin kuɗi suka biya.

JAMI'I: Ikon Allah! Mu dai mutum huɗu muka gani.

BAKANO: Yo ai tun kafin kwana na sauke sauran, suka wuce ku da ƙafa. Ga su can gindin mangwaro suna jirana.

ALƘALI: Lodi fiye da ƙima, 10,000. Rubuta. Wa ya gaya maka akwai jami'ai a gaba?

BAKANO: Wani ɗan'uwa direba da ya taso daga Zariya ya kira ni.

ALƘALI: Sai ka tsaya a gefe ka amsa.

BAKANO: In tsaya? A bar ni da fasinja suna zagi? Ina tafe na amsa.

JAMI'I: Waya a kan tuƙi, 4,000.

BAKANO: Haba ofisa, kai da ba ka gani ba! Ranka ya daɗe, ina da shaida. Ɗan Fulani, taso ka faɗa musu irin tuƙina.

ƊAN FULANI: Aradu gwani ne. Tunda nake ban taɓa ganin irinsa ba. Waya a hannun dama, rake a hannun hagu, mota kuwa tana ta gudu.

ALƘALI: To sitiyarin fa?

ƊAN FULANI: Ni ya ba ajiya. Tun daga Kwanar Ɗangora nake kora ta.

ALƘALI: Ka iya mota ne?

ƊAN FULANI: Ta fi saniya hankali. Inda ka juya ta nan take bi.

BAKANO: Ranka ya daɗe, na janye shaidar nan.

ALƘALI: Ta riga ta shiga littafi. Miƙo lasin ɗinka.

Bakano ya daɗe yana laluben aljihu, ya zaro wani kati da ya sha jiki.

ALƘALI: Wannan dattijon mai furfura kai ne?

BAKANO: Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da aka raba gado, yayana ya ɗauki gona, ni aka ba ni mota da takardunta.

JAMI'I: Tuƙi ba lasi, 10,000. Jimla 26,000.

BAKANO: Wannan shari'ar ta Zage-zagi ce! Da a ƙasar Kano ne da tuni an sasanta, an yi addu'a an watse.

ALƘALI: Nan ƙasar Zazzau ce, bawa ba ya ɗaga murya gaban ubangidansa. In ba ka gamsu ba, doka ta ba ka dama ka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Ka nemi lauya.

BAKANO: Lauya kuma? Shi nawa yake?

ALƘALI: Ya fi tarar.

Bakano ya gyara hula, ya matso kusa da tebur, ya sassauta murya.

BAKANO: Ranka ya daɗe, mu yi maganar manya. Laifi huɗu na ɗauka lokaci guda, ai sari ne, ba a ba ni farashin ɗai-ɗai ba. Na saya 15,000, kuɗi hannu.

ALƘALI: Albarka.