Ku daina ɗora wa uwa laifin korona

Tun jiya raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa yayata a asibiti. Ma'aikacin lafiya ya ɗora ɗanta a sikeli, ya duba lambar, ya ga ƙiba ta yi wa yaron yawa, ya juyo a gaban jama'a ya ce, "Baiwar Allah, ke kika mayar da shi haka." Ta sunkuyar da kai tana murza katin asibitin a hannu. Yaron yana tsaye yana ji, shekararsa 11.

Wallahi ba ita ba ce.

Kafin korona da ƙafa yaron nan yake zuwa makaranta ya dawo, ya buga ƙwallo har rana ta faɗi. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba, aka garƙame makarantu, ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi suka zauna a gida. Yara kusan miliyan 370 suka rasa abincin da ake ba su a makaranta. Samu ya ja baya, sai aka koma kan abin da ya fi araha kuma ba ya saurin lalacewa, wanda yawanci sukari ne da mai. A cikin wannan duka, wanne ne uwa ta jawo?

Masu cewa ai ƙauye ne, ga fili nan, don Allah ku bari. Yaro ba ya guje-guje shi kaɗai, kuma hana cuɗanya aka yi. Hukumar ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, wanda a da tafiyar makaranta da wasa suke cika masa ba tare da kowa ya ƙirga ba. Ko a Amurka, da aka bibiyi yara sama da 432,000, an ga saurin ƙibarsu ya kusa ninkawa a lokacin annobar. Su ma duk sakacin iyaye mata ne?

Yayata fa ta so taimako a lokacin annobar. Sau biyu ta biya kuɗin mota ta je, aka ce an dakatar da awon yara, ta tuntuɓi likita ta waya.

Ta waya! Mutanen da sai sun hau tudu suke samun sabis. Har yau in na kira ta sai na jira ta fita bayan gida, kuma rabin maganar a iska take tafiya.