Alhaji Na-Kano Zai Koma Kusa da Dutse

Rumfar Mai Faci, bayan la'asar. A-daidaita-sahu ta tsaya, Alhaji a ciki, keken hawan dutse a ɗaure a baya yana lilo. Dillali na kan benci, dama kullum yana nan, ba wanda ya taɓa ganin ya kawo gyara.

ALHAJI: Kai Bazazzagi, ajiye wannan tsohuwar Raleigh ka zo ka ga keke. Gwanjo ce, amma Bature ɗaya ne ya hau ta.

MAI FACI: Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ai na ga ita ce ta hau mota, ba kai ka hau ta ba.

ALHAJI: Keken dutse ne, ba a wulaƙanta shi a kwalta. Likita ya ce in motsa jiki, ni kuma na yanke shawara zan tashi in koma garin da ke da tsaunuka, mai arha. Amma ka sani, Kano ko da me ka zo an fi ka. Ba don Hajiya na cewa ƙura ba, Dala ta ishe ni.

MAI FACI: Dala matakala ce da ita, Alhaji. Za ka saɓa keke a kafaɗa ka hau, ka saɓo shi ka sauko. Wannan dako ne.

ALHAJI: Goron Dutse fa?

MAI FACI: Kafin ka sauya giya ka ƙure shi.

ALHAJI: Hassada! Ku da me gare ku, Kufena?

MAI FACI: Kufena ma ban ce ka je ba. Dutse guda ɗaya a tsakiyar fili kallo ake yi masa. Keken nan hanya yake so doguwa, mai hawa da gangara, kilomita 15 zuwa 30, ka fita ka zagayo ba ka maimaita sawunka ba.

DILLALI: Ina da gida a Dutse.

Ko buɗe ido bai yi ba ya faɗa. Da an ce Alhaji zai koma wata, da ya ce yana da fuloti a can, kusa da titi.

ALHAJI: Yauwa! Gari sunansa Dutse, keke sunansa na dutse, magana ta ƙare. Ga shi kusa da Kano, in yi Juma'a a gida.

MAI FACI: Haya akwai sauƙi a can, ban musa ba. Amma duwatsun Jigawa curi-curi ne, an jibga su kamar buhuna, tsakaninsu rairayi. Rairayi kuwa shanye taya yake yi, kana tuƙi kana tsaye. Ga tsidau a kowace hanyar gona, kafin azahar ka yi faci uku. Ga zafin Afrilu da ke haura 40. Da ƙarfe tara na safe za ka dawo gida kana kiran Hajiya ta kawo ƙanƙara.

ALHAJI: To Abuja. Mutum irina dama Abuja ta dace da shi.

DILLALI: Ina da gida a Maitama.

MAI FACI: Ka ce mai arha. Abuja akwai tsaunuka, Mpape, Katampe, wajen madatsar Usuma, akwai masu hawa, akwai shagunan kayan gyara. Amma hayar shekara guda kusa da su za ta sayi keken nan sau nawa? In ka gudu Mararraba don sauƙi, sai ka sa keke a but, ka sha cunkoson Nyanya, ka ƙona fetur zuwa da dawowa. Abin da ka rage a haya gidan mai ya karɓe. Lissafin ke nan: haya, da la'adar wannan bawan Allah, da man da zai kai ka gindin dutse sau uku a mako, da kuɗin kayan gyara. Garin da za ka fito ƙofar gida ka hau feda, cikin minti 20 ka bar kwalta, shi ne mai arha, ko da hayarsa ta ɗan ɗara.

DILLALI: La'ada kashi goma ne kacal. Sai goma na lauya. Sai kuɗin ajiya ko za ka fasa wani abu. Sai kuɗin gani.

ALHAJI: Kuɗin ganin me?

DILLALI: Ganin gidan.

ALHAJI: In bai yi mini ba fa?

DILLALI: Ai ka gani.

Lauyan nan dai ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi. Takardar yarjejeniyar ma hoton wata tsohuwa ce, an shafe sunan wancan ɗan hayar da farin fenti.

ALHAJI: To mu tafi can ƙoli, Mambila. Na ji dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya yana wajen.

MAI FACI: Chappal Waddi, mita 2,419, a Taraba, bakin iyakar Kamaru. Gembu akwai sanyi, akwai ciyawa shar, akwai gonar shayi, hanya kamar an zana don keke. To ranar da ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya ya karye fa? Ƙarami ne kamar ɗan yatsa, da gangan aka yi shi mai laushi don ya karye a madadin firam, kuma kowane keke da irin nasa. Daga Gembu za ka zauna jiran direba ya kawo maka daga birni, in ya kawo kuma ba irinsa ba ne. Ko ina za ka, sayi biyu ka ajiye.

ALHAJI: A Kano da tuni an ƙera mini shi a bakin kasuwa.

MAI FACI: Da baƙin ƙarfe, wanda ba ya karyewa, sai firam ɗin ya karye.

ALHAJI: Ka ga ƙarko ke nan. Aikin Kano.

MAI FACI: Ranka ya daɗe, Jos. Garin kansa yana bisa mita 1,200 da 'yan kai. Tsaunin Shere na gabas da gari, ƙololuwarsa ta haura 1,800. Ta Lamingo za ka bi. Kudu kuma, wajen Rayfield da Bukuru, tsofaffin filayen haƙar kuza ne, tuddai da hanyoyin ƙafa ko'ina, daidai mai koyo. Sai dai ka kiyayi kududdufan kuza, ruwansu shiru, zurfinsu ba wasa. In ka ƙware, ga duwatsun Riyom.

DILLALI: Ina da gida a Jos.

ALHAJI: A ina?

DILLALI: Ina kake so ya kasance?

MAI FACI: Rayfield tsada, kada ya ruɗe ka. Kuma Jos ba a kama gida ta waya. Ka je ka yi mako guda, ka tambayi 'yan gari wace unguwa za ka zauna hankali kwance, wace hanyar daji ake bi, wacce ba a bi. Kada ka fita kai kaɗai, kada ka kai magariba a bayan gari, in ka shiga ƙauye ka gaida mai unguwa, kuma kada ka ratsa gonar dankalin mutane don gajarce hanya.

ALHAJI: Duk abin da ka lissafa muna da shi a Riruwai. Tsauni, kuza, sanyi. Jihar Kano ce.

MAI FACI: Riruwai ai ka ƙetare dajin Falgore, ka kusa Saminaka. Ka riga ka ci rabin hanyar Jos.

ALHAJI: Amma lambar motar garin ta Kano ce.

Nan aka yi shiru na ɗan lokaci, don babu amsar wannan. Mai Faci ya jawo keken, ya matsa tayar baya da babban yatsa, yatsan ya dawo.

MAI FACI: Wa ya ba ta iska?

ALHAJI: Mai facin tirela. Sittin ya sa mata, na ce ya ƙara biyar kyauta.

MAI FACI: Da wannan iskar, dutsen farko da ka taka zai watsar da kai kamar ƙwallo. Tayar dutse laushi take so don ta kama ƙasa. Nauyinka nawa?

ALHAJI: Kilo 75.

MAI FACI: Alhaji.

ALHAJI: Ban da babbar riga.

MAI FACI: Alhaji, a-daidaita-sahun nan da ka sauka sai da ta yi ajiyar zuciya.

ALHAJI: Tsohuwa ce.

MAI FACI: Mai kilo 75, in tayar tubles ce, wato marar tub a ciki, 22 a gaba, 25 a baya. Mai kilo 105, wanda ba na ce kai ba ne, 27 a gaba, 30 a baya. In da tub a ciki a ƙara kamar biyar, in ba haka ba bakin wili ya cije tub ɗin a kan dutse, huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Wanne zan sa?

ALHAJI: Sa na mutumin can na biyu. Saboda zan riƙa ɗaukar gorar ruwa.

MAI FACI: Gorar kilo talatin. To. Tayarka inci 29 ce, ka sani. Ta 26 kowace kasuwa akwai, wannan kuwa sai an nema, don haka ka tafi da guda biyu da tub uku. In za mu mai da ita tubles, ruwan toshe huji mililita 100 kowace taya, kuma da hunturu bushewa yake, duk wata biyu zuwa uku a duba. Shi ne maganin ƙaya.

ALHAJI: Ba za a iya zuba koko ba?

MAI FACI: Za a iya, in kana son tururuwa ta raka ka Shere.

Ya matsa birki. Hannun birkin ya tafi har ya taɓa roba, ba abin da ya kama.

MAI FACI: Me aka zuba a nan?

ALHAJI: Man birkin motata. Mai tsada ne.

MAI FACI: Inna lillahi. Wannan birkin kamfanin Shimano ne, mansa daban, na ma'adini, ja-ja haka. Man birkin mota kumbura robobin ciki yake yi, sun riga sun tafi. Sai an sauya. Takalmin birkin ma ya cinye, in abin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba a jefar. Faifan birkin gaba kuma milimita 160 ne, mutumin can mai gorar ruwa 180 yake bukata, don a doguwar gangara ƙaramin faifai zafi yake ɗauka, birki ya saki. Ka san Hawan Kibo?

ALHAJI: Inda tireloli ke kwanciya.

MAI FACI: To ka tuna da su. Kuma birkin gaba da yatsa ɗaya ake lallaɓa shi, ka ja gindi baya, ka sauke sirdi. In ka damƙe shi gaba ɗaya za ka riga keken isa ƙasa.

ALHAJI: Ni da na yi shekara tara ina zuwa makaranta a keke, ka koya mini birki?

MAI FACI: A wace shekara?

ALHAJI: Lokacin Shagari.

MAI FACI: Sarƙa kuma kada a sake shafa mata baƙin mai. Ƙura yake kamawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya. Da rani mai marar kauri, a goge da tsumma. Damina a Jos tun Afrilu har Oktoba, jar laka tana cika tsakanin taya da firam, kullum ka dawo ka wanke da bokiti, ban da injin wankin mota, yana tura ruwa cikin boris. Ga wannan babban faifan na baya, mai haƙora 42, shi ne na hawa.

ALHAJI: Wanda ƙafa ke ta juyawa keke ba ya tafiya? Giyar tsofaffi. Ba zan sa ba. Mutanen Jos su ce Bakano ya gaza?

MAI FACI: In ba ka sa ba za ka sauka ka tura.

ALHAJI: Turawa da mutunci ta fi. Sai in yi kamar ina waya.

Sai ga kiran Hajiya. Alhaji ya sa a lasifika, don jama'a su ji yadda ake mulkin gida.

ALHAJI: Hajiya, ki fara ɗaure kaya. Jos.

HAJIYA: Allah ya kiyaye hanya, ka gaida su. Wai ina keken nan? Na fito shanya ban gan shi ba, wata huɗu a kansa nake baza zannuwa.

Ya kashe lasifikar, amma ta riga ta gama.

ALHAJI: Layin ne ba kyau. Bazazzagi, riƙe mini, in gwada daga nan zuwa kan kwalbatin can.

Kwalbatin taku ashirin ne, tudunsa bai kai gwiwa ba. Ya tattare babbar riga, ya ƙi hular kwano saboda za ta ɓata karin hularsa, ya sa giya mafi nauyi. Feda ta yi zagaye ɗaya da rabi ta tsaya. Alhaji ya sauke ƙafa, ya zaro waya ya kara a kunne.

ALHAJI: (yana haki) Iskar nan... ta yi ƙaranci. Ashe Kano ma tudu ce. Na gaya maka, ko da me ka zo...

MAI FACI: An fi ka. Birki, faifai, ruwan taya, wankin sarƙa, in rubuta?

ALHAJI: Rubuta, amma farashin gari mai arha.

DILLALI: Alhaji, kuɗin ganina.

ALHAJI: Me na gani?

DILLALI: Dutse, Maitama, Jos. Gida uku. Na Gembu na bar maka, tunda kai na gida ne.