Wasan meteyo na yara: a daina kwaso dusar ƙanƙara zuwa Yamai

A nan Faransa inda nake zaune, da wuya ka leƙa ajin ƙananan yara da safe ba ka tarar da abu ɗaya ba. Malama za ta tara su a zauna, a faɗi ranar mako da kwanan wata, sannan yaro ɗaya ya je bakin taga ya dubi sama, ya dawo ya juya kibiya a kan wani faifan kwali mai hoton rana da gajimare da ruwa da dusar ƙanƙara. Wasu azuzuwan har kusurwa ake warewa, da akwatin tele na kwali da makirufo na wasa, yaro ya tsaya gaban taswira yana kwaikwayon masu labarin meteyo, wato yanayin sama. Tun 2019 doka ta wajabta karatu a ƙasar daga shekara 3, saboda haka kusan kowane yaro yana ratsawa ta wannan wasa.

Wasan yana da kyau, ina goyon bayan a yi shi a jardan, wato makarantun ƙananan yara, na Yamai da Tawa, a yi shi ma a tsakar gida. Yana kwance bakin yaro mai kunya, yana koya masa jiran layi da sauraron wani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sauko da faifan Turawa daga intanet a manna a bango yadda yake. Faifan nan don samaniyar Turai aka yi shi, inda safiya ke zuwa da ruwa, azahar da rana, gobe kuma da wani abu daban. A Yamai kuwa, daga Oktoba har cikin Mayu kibiyar ba za ta bar hoton rana ba. Kwana biyar yaro ya gane babu abin dubawa, sai ya riƙa juya kibiyar ba tare da ya ɗaga kai ba. Sannan akwai fuskokin da ake zanawa: rana tana murmushi, gajimaren ruwa yana kuka. Bature rana yake kira yanayi mai kyau. Mu da ake gaishe mu da "ina ruwa?" mu amsa "ruwa ya yi gyara", ba ma bukatar a koya wa ƴaƴanmu cewa hadari abin baƙin ciki ne.

Kuma ba rashin masana ke damunmu ba. A Yamai cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma da ruwa take tun 1974, a Yamai cibiyar meteyo ta ACMAD mai hidima ga Afirka baki ɗaya take, ga kuma hukumar meteyo ta ƙasa. Garin da ake karanta samaniyar Sahel a cikinsa bai kamata yaransa su riƙa haddace lokutan shekarar Faris ba.

Sai a fara daga kalmomi, domin su ne jarin wasan. Bazara, damina, kaka, hunturu. Cikin damina akwai hadari, cida, walƙiya, tsawa, yayyafi, marka, ƙanƙara, bakan gizo. Cikin rani akwai hazo, ƙura, guguwa, ɗari. A yanka kati goma sha biyu, kowane kamar faɗin tafin hannun babba, a zana alama ɗaya a kowane, a ƙara na shamuwa, tunda dawowarta labari ne babba ga duk mai jiran damina. Kada a fito da su duka rana ɗaya. Ɗan shekara 3 kati uku ko huɗu na lokacin da ake ciki sun ishe shi, ɗan shekara 5 kuwa zai iya da takwas.

Tun da rana ba ta canzawa, dole a ba yaro abin da ke canzawa. Abu na farko hazo. A zaɓi abubuwa uku da ake hangowa daga ƙofar aji ko daga tsakar gida: ɗaya kusa, kamar bishiyar maƙwabta, ɗaya tsaka-tsaki, kamar hasumiyar masallacin unguwa, ɗaya can nesa, kamar tankin ruwa ko ƙarfen sabis na waya. Kullum da safe mai duba sama ya fita ya dawo ya faɗi nawa ya gani cikin ukun. A watan Janairu amsar za ta riƙa sauyawa daga rana zuwa rana, kuma ma'aikatan meteyo na gaske ma da irin wannan hange suke kimanta nisan gani. Abu na biyu iska. A ɗaura ƙyalle marar nauyi, tsawon kamu ɗaya, a kan gora mai tsawon mita biyu, a kafa ta a fili nesa da bango. Yaranmu sun riga sun san gabas saboda salla, wannan gata ne da ɗan Turai ba shi da shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce iska ta nufi inda ƙyallen ya nuna, alhali da inda ta fito ake kiranta. A hunturu ƙyallen zai karkata kudu maso yamma domin iskar daga arewa maso gabas take. Ranar da ya juya ya koma nuna arewa maso gabas, cikin bazara, ranar ce babban labarin shekara a wannan kusurwa.

Ma'aunin zafi a sayi mai jan ruwa, kada a sayi mai ruwan azurfa, domin in ya fashe guba ne. A duba cewa lambobinsa sun kai 50, tunda zafin Afrilu da Mayu yana wuce 40 a inuwa. A rataye shi a inuwar da iska ke ratsawa, daidai idon yaro. In aka jingina shi da bangon siminti da rana ta gasa, ko aka sa shi dab da rufin kwano, zafin bangon zai auna, lambar ta fito ƙarya. Yaron da bai san lamba ba a manna masa launi uku a gefen ma'aunin: shuɗi ƙasa da 20, kore daga 20 zuwa 35, ja daga nan zuwa sama. Sai ya ce yau muna cikin ja, kowa ya sha ruwa, kowa ya sa takalmi.

Ma'aunin ruwan sama ya fi komai jan hankalin yara, amma akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba: daminarmu cikin hutu take faɗowa. Lakwal tana rufewa wajen ƙarshen Yuni, ta buɗe a Oktoba, ruwan Yuli da Agusta da Satumba duk a gida zai sami yaro. Saboda haka wannan ɓangaren na iyaye ne, malama dai ta koya musu haɗa shi kafin a tashi. Littattafan Turai kwalbar roba suke cewa a yanke a kifa bakinta ciki, a zuba tsakuwa da ruwa har layin sifiri. A zafinmu ruwan nan yana ƙafewa ƙasa da layin cikin kwana ɗaya, awo ya lalace, ga shi yawancin kwalaben suna da ƙugu da gindi mai tudu da kwari. Babban gwangwanin madara ko na tumatir ya fi, mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. A daddanne bakin da guduma kada ya yanki hannu. A ɗaure shi a kan turke, tsaye cak, sama da inda akuya za ta kai baki, nesa da indararo, kuma tazararsa da bango ko bishiya ta kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu. In ruwa ya ɗauke, a tsoma busasshen tsinke har ƙasa, a ciro, a auna jiƙaƙƙen wurin da abin awo na ƴan makaranta. Santimita 2 milimita 20 ke nan, kuma kowace milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. A zubar da ruwan nan take, kada gwangwani ya zama gidan sauro. Kowane ruwa a yanka kara daidai tsawon jiƙar tsinken a manna a jere a kwali. Zuwa kaka yaro zai ga da idonsa cewa Agusta ce ta fi yawan dogayen karare. In akwai ƴan uwa a Tawa, su ma su yi a kwatanta, tunda Yamai kan samu sama da milimita 500 a shekara, Tawa kuwa yawanci ba ta kai 400 ba.

Ɗakin labarai kansa ba ya cin kuɗi. Kwali babba ɗaya, a yanke masa taga mai santimita 40 da 30, a ɗora a kan benci yadda fuskar yaro a zaune za ta cika ta. Marafan kwalba su zama maɓallai, amma a huda a ɗinke su da zare. Sikoci da gam ba sa jure zafin bazara, sati biyu sun saki, kuma duk abin da ya ɓalle bakin ƙaramin ƙane zai nufa. Manna da kokon rogo ma gara da kyankyasai yake gayyatowa. Kwalin da ya kwana a ƙasa na gara ne, a rataye shi a ƙusa in an gama. Taswirar Nijar a zana ta a kan farin buhu ko tsohon zanen gado, da jihohi takwas, a ja kogi da shuɗi, a riƙa maƙala katunan da abin shanya tufafi. Makirufo kuwa totuwar masara da aka sa wa tsohuwar safa ta wadatar. A yi uku, domin guda ɗaya rigima ce. Tsohuwar salula tana da amfani ga wakilin da ke "kira daga Agadas", amma a cire batirinta tukuna.

Ni da za a bi tawa, rediyo zan fifita a kan tele. Yaron Tawa ya fi ganin kakansa da rediyo a kunne fiye da mai labarai tsaye gaban taswira, Muryar Sahel ta shiga inda Tele Sahel ba ta kai ba. Ga wani amfanin: yaron da ba ya iya magana ana kallonsa, in ya ɓuya bayan kwali muryarsa kaɗai ke fita, sai ka ji bakinsa ya buɗe.

Yara huɗu ko biyar a lokaci guda, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Mai gabatarwa, mai meteyo, wakili, mai kamara, sauran masu sauraro. A yi wa kowane aiki abin wuya na zare mai launinsa, wanda bai rataya ba ya jira. In ba haka ba yaro ɗaya mai baki zai riƙe makirufo har ƙarshen shekara, ƴan mata kuma a bar su da tafi. Babba ya nuna sau biyu ko uku, sannan ya ja da baya. Da zarar an rubuta wa yara abin faɗa an sa su haddacewa, wasa ya mutu, tilawa ta dawo. Abin da ake so a ji shi ne wakili ya nufi mai gadin makaranta da totuwarsa: "Baba, ina kwana, ina sanyi?" Shi kuma ya ce: "Sanyi lokacinsa ne, ɗana." Wakili ya juyo ya ce: "Jama'a kun ji, Baba ya ce lokacinsa ne." Gaisuwarmu da ma rahoton yanayi ce. Harshen da yaro ya fara da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci, a bar shi ya ƙarasa da shi, wani ya maimaita da Faransanci in ana so, kamar yadda gidan rediyon ƙasa ke maimaita labarai harshe bayan harshe.

Ɓangaren labarai ya fi na meteyo wuyar riƙo. Yaro abin da ya ji yake faɗa, zai iya sanar wa aji cewa Inna ta yi yaji, ko ya kwaikwayi labarin harin da ya ji manya suna saurare da dare. Na farko a sa masa ƙa'ida tun ranar farko: labarin gida na gida ne, na aji da na unguwa ake kawowa, akuya ta haihu, an gyara famfo, haƙorin wance ya fita. Na biyu kada a tsawata masa, tsoro ne yake fitarwa ta hanyar da ya iya. A saurare shi kaɗan, a karkatar da shirin, a yi wa iyayensa magana a keɓe. Kowane labari kuma mai gabatarwa ya yi masa tambaya uku: me ya faru, a ina, wa ya gani? Ta ukun nan manya da yawa masu tura saƙon murya a WhatsApp ba su taɓa yi wa kansu ita ba.

Wasu iyaye za su ɗaga gira, su ce ana koya wa yaro faɗin abin da Allah kaɗai ya sani. A yi musu bayani cikin ladabi: kirdado ne daga alamu, irin na manomin da ya ga hadari ya haɗo gabas ya ce a kwashe shanya. Mai meteyo ya rufe da "in Allah ya yarda", kashegari kuma a dawo a duba ko kirdadon ya faɗa daidai, a sa tsakuwa a gwangwanin "ya yi" ko na "bai yi ba".

Akwai kuma sanarwar da ɗan Faris ba ya bukata kamar ɗan Harobanda ko Saga, unguwannin bakin kogi na Yamai. Waɗanda suka ga cikar kogi a 2020, da ambaliyar 2024 da ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, sun san abin da nake nufi. A ware jan kati guda na gargaɗi. In mai meteyo ya ɗaga shi, kowa ya faɗi abu uku yana aikatawa: a shiga ɗaki, ba a fakewa gindin bishiya in ana tsawa, ba a tsallaka kwari ko lambatu in ruwa na gudu ko da iya gwiwa ne. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma a fara tun watan Mayu, kafin ruwan fari ya sauka.