Mai Shayi Ya Tona Min Asiri A Gaban Surukina

Uwargida ta tafi wankan jego gidansu, na ce mata ta kwantar da hankalinta, gidan Hajiya zan riƙa cin tuwo. Ko ƙofar gidan ban taka ba. Safe awara da yaji, rana gurasa bandashe, dare kuwa teburin mai shayin bakin layinmu: taliyar leda biyu, ƙwai uku, lemon kwalba mai raɓa. In aljihu ya yi nauyi a ɗora da tsire.

Ranar kwana na 26 ƙeya ta fara sara min. Na ji ana awon hawan jini kyauta a unguwa, na leƙa. Wa zan gani a kan benci? Baba, mahaifin uwargida. Na cire takalmi, na durƙusa na kwashi gaisuwa, ya ce in zauna kusa da shi.

Aka auna Baba, dattijon da ya haura saba'in: 125 bisa 80. Aka zo kaina. Ma'aikaciyar ta ɗaura min abin a dantse, ya matse, ta dubi na'ura, ta dube ni, ta sake aunawa. 158 bisa 100. Ta ce ai daga 140 bisa 90 ake fara shiga damuwa.

"Malam, me kake ci ne?"

Na gyara hula na ce, "Tuwo da miyar kuka, a gidan mahaifiyata."

Sai wata murya daga can ƙarshen layi: "Haba Yallaɓai! Tuwo kuma?"

Jama'a, mai shayin nan ne. Na san muryarsa. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya taso har gaban tebur yana lissafi da yatsu. Wai biyu-biyu nake ci. Wai cewa nake ya juye ledar kayan ɗanɗanon kaf, ya ƙara dunƙule ɗaya. Wai jiya ma sai da na nemi ƙarin ƙwai. Ina yi masa ido, shi yana ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake. Har bashin naira 4,300 sai da ya ambata. Ma'aikaciyar na danne dariya tana bayanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, kuma dunƙulen nan kansa gishiri ne cike da shi. Ni dai ƙasa nake kallo ko za ta tsage.

Baba bai ce uffan ba. Carbinsa kawai yake ja. Wallahi gara ya zage ni.

Abin da har yau yake ci min rai, an auna mutumin nan, 118 bisa 76. Yo ba dole ba? Shekara nawa ina ganin kular tuwo a ƙarƙashin teburinsa, matarsa ke aiko masa duk dare. Bai taɓa ɗanɗana abin da yake soya mana ba, da man nan nasa da ya koma kamar baƙin man mota. Mu yake ɗura wa, shi yana shan miyar kuɓewa.

Kafin in kai gida waya ta fara ƙara. Ban ɗauka ba.

Yanzu ƙanin uwargida ke kawo min langa duk magariba, miya salam babu gishiri, kuma ba ya tafiya sai ya ga na cinye. Bashin dai ban biya ba tukuna. Ta bayan layi nake zagayawa, ko da yake hanyar akwai kwata.